Linzami, Lifidi da Kwanton Ɓauna: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan kalmomin yaƙi suka zo, saboda abin da ake ji a labarai daga Yukren da Sudan.

Daga Gusau: Malam, me ya haɗa makami da linzami, alhali makami ba doki ba ne?

Wanda ya fara raɗa wannan suna ya san Hausa. Da linzami mahayi ke juya doki inda yake so, to makami mai linzami shi ne wanda bayan an harba shi akwai abin da ke ci gaba da juya shi har ya isa inda aka nufa. Abin da ke damuna shi ne masu karanta labarai da duk abin da ya tashi sama ya fashe sai su kira shi da wannan suna. Rokar da aka cilla aka bar ta ta faɗi inda ta ga dama ba ta da linzami, roka ce kawai. Bambancin kuwa babba ne. A watan Afrilun 2022 Yukren ta ce da makamai masu linzami guda biyu, samfurin Neptune, ta nutsar da Moskva, babban jirgin ruwan yaƙin Rasha a tekun Bahar Aswad. Wanda ya cakuɗa sunayen nan biyu ya hana mai sauraro gane abin da ya sauya a yaƙin zamani.

Daga Damagaram: Sulke da lifidi abu ɗaya ne?

Ko kusa. Sulke riga ce ta ƙananan zobba na ƙarfe da aka sarƙe da juna, maganin sara da suka. Lifidi kuwa tufa ce da aka cusa wa auduga aka ɗinke ta da kauri, a lulluɓe doki da ita tun daga wuya har gwiwa, mahayin ma ya sa tasa, ya ɗora kwalkwali a ka. Duk wanda ya tsaya kusa da 'yan lifida ranar hawan sallah ya ga yadda dokin ke tafiya da nauyi, gumi na tsattsafo masa, idanunsa kaɗai ake hangowa. Ba don gudu aka yi shi ba, don kutsawa cikin ruwan kibau aka yi shi, kibiya mai dafi ta maƙale a auduga ba ta taɓa fata ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, wajen farkon ƙarni na 15. Wato a zamaninsa su ne sabbin makamai, kuma sun yi wa sarakuna aiki kusan shekara ɗari biyar.

Sai 1903 ta zo. Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yuli. Ba na yarda a ce mazajen nan jarumta suka rasa. Garkuwarsu ce aka yi domin kibiya da mashi, ta gamu da igwa da bindigar Maxim mai aman harsashi.

Na tsawaita ne domin irin wannan ke samun tankar yaƙi yau. Sulkenta ya fi kauri a gaba, don daga nan aka saba kawo mata hari, samanta kuwa ba shi da kauri sosai. A yaƙin kwana 44 na Nagorno-Karabakh a 2020, jiragen sama marasa matuƙi samfurin Bayraktar TB2 ƙirar Turkiyya da Azarbaijan ta saya sun yi ta ragargaza tankokin Armeniya daga sama. A Yukren ƙaramin jirgi da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya, an ɗaura masa bam, yana lalata tankar miliyoyin daloli. Shi ya sa ake ganin sojoji suna yi wa tankokinsu waldar keji da ragar ƙarfe a ka. Rundunar da ta zuba kuɗinta a tankoki ba ta tanadi abin kare su daga sama ba, ta sayi lifidi ne a shekarar Maxim. Af, kiran motar yaƙi “mota mai sulke” daidai ne, a ci gaba da faɗin haka.

Daga Kumasi: “Jirgi mara matuƙi” ko “jirgi maras matuƙi”?

Duka Hausa ne. Sunan kansa ne nake jin tsoronsa, don jirgin yana da matuƙi, yana zaune a ƙasa gaban allo. Ranar 3 ga Disamban 2023 irin wannan jirgi na sojan Najeriya ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. Mutum ne ya duba, mutum ne ya ba da umarni. Sayen jirgi ya fi sauƙi a kan horar da idon da zai bambance taron Mauludi da taron 'yan bindiga, kuma kada sunan ya sa mu manta da wannan.

Daga Kano: Mene ne asalin “kwantan bauna”?

Kwanton ɓauna ake cewa, a sa wa ɓ ƙugiyarta. Maharba sun san ɓauna in ta ji rauni takan laɓe a duhuwa ta jira mai bin sawunta.

Daga Maraɗi: Har yanzu ana iya cewa “yaƙi ɗan zamba ne”, ga tauraron ɗan'adam yana ganin komai?

Ana iyawa ƙwarai. Zamba a nan dabara ce da yaudarar abokin gaba, ba cutar ciniki ba kamar yadda yaran yanzu ke ɗauka. Ranar 1 ga Yunin 2025 Yukren ta ɓoye ƙananan jirage a cikin rumfunan katako da aka ɗora kan manyan motoci, aka kai su kusa da sansanonin jiragen yaƙin Rasha, har can Saberiya, sannan aka sake su. Hukumomin Yukren sun ce jirage 117 ne. Direbobin da ke kan hanya sun ɗauka kaya ne ke wucewa.

Wani ɗalibi: Zan iya sa “in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya” a rubutuna kan sayo sabbin makamai?

Sa, amma ka lura rawa aka ce, ba ganga ba. Karin maganar ya fi dacewa da horo da dabara. Idan kan tanadi kake magana, “ba a fafe gora ranar tafiya” ya fi zama: ayarin motocin Rasha mai tsawon kusan kilomita 60 ya cije a arewacin Kiev a farkon Maris 2022, ga makamai, amma mai da abinci sun yi ƙaranci.

Daga Yamai: Mene ne tilon “dakaru”?

Dakare, kuma asalinsa mayaƙin ƙasa ne, wanda ba ya kan doki. Saboda haka ku ce “sojojin sama”, ku bar “dakarun sama”.