Amsa ga mai son haɗa karatun zayyana da na kafa sana'a

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin farko a fannin zayyana kayayyaki, kana son digiri na biyu da ya haɗa jagorancin aikin zayyana da kafa sana'a, amma ana ta ce maka ka yi MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, kawai ka huta. Irin wannan karatun na yi, kuma da ƙananan kamfanoni masu tasowa nake aiki, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki.

Tun farkon ƙarni na 20 masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter ya nuna cewa ƙirƙiro abu daban, shigar da shi kasuwa har jama'a su karɓa kuma daban. A shekarun 1970 injiniyoyin kamfanin Xerox na Amurka suka gina kwamfuta mai linzami da hotuna a allo, amma kamfanin Apple ne ya kai irinta hannun mutane da kwamfutarsa Macintosh a 1984. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun shi za ka je ka karanta.

Mai zayyana yana tambayar ina mutum yake shan wahala. Ɗan kasuwa kuwa yana tambayar wa zai biya, kuma kuɗin da ke hannu wata nawa za su kai. Riƙe tambayoyin nan biyu a kai ɗaya ba wasa ba ne. Za ka miƙa wa baƙo samfurin manhajar da kuka zana a takarda, ka zauna ka yi gum kana kallon yatsansa yana yawo yana neman inda zai danna, bakinka na ƙaiƙayi ka nuna masa, amma ba dama. Kuna fitowa kai kana son a rushe a sake tsari, abokin aikinka yana nuna maka lissafi cewa sati biyu suka rage. Sanin lokacin da za a ci gaba da gyara da lokacin da za a saki abu haka nan, wannan ne babban abin da na samu, kuma ban ga yadda lacca kaɗai za ta koyar da shi ba.

Ka nemi binciken Saras Sarasvathy, masaniyar harkar kafa sana'a, na 2001. Ta gano cewa gogaggun masu kafa kamfani suna farawa ne da abin da ke hannunsu, su ƙayyade asarar da za su iya jurewa, sannan su gwada. Mai zayyana zai gane wannan nan take, don haka yake aiki da samfuri. Brian Chesky da Joe Gebbia, biyu daga cikin waɗanda suka kafa Airbnb, dandalin intanet na ba da hayar masauki, su ma zayyana suka karanta. A 2009 da kasuwa ta ƙi motsi, sai suka tafi New York suna bin gidajen masu ba da haya suna ɗaukar hotuna masu kyau da kansu.

Sai dai fa ka tantance makarantar. Wasu kwasa-kwasan ba su wuce liƙa ƙananan takardu masu launi a bango ba, abin da za ka iya koya cikin mako guda. Jami'ar Aalto ta Finland an kafa ta a 2010 ta hanyar haɗe makarantar fasaha da ta kasuwanci da ta zane, irin wannan cuɗanyar nake so ka nema ko'ina za ka je. Ka tambaye su: ana aiki da kamfani na gaske? Ana haɗa ka rukuni da injiniyoyi da ɗaliban kasuwanci? Ana koyar da lissafin kuɗi da tsayar da farashi sosai, ko taɓawa kawai ake yi? A nan mu masu zayyana muka fi rauni.

In burinka shugabanci ne a babban kamfani, MBA zai fi kai ka da sauri. In kuwa naka kake son ginawa, ka samu tsofaffin ɗaliban kwas ɗin biyu ko uku, ka ji abin da suka gina kafin ka biya kuɗin makaranta.