Hukuncin Karanta Littattafan Soyayyar Kaboyi na Kiristocin Amurka

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗaliba ce a jami'a, ina karanta littattafan Turanci a waya don Turancina ya ƙara ƙwari. Na bar na batsa tun da na gane illarsu, sai wata ƙawata ta nuna mini na soyayyar kaboyi waɗanda Kiristocin Amurka ke rubutawa. Yawanci labarin miskilin namiji ne mai kiwon shanu, ba ya dariya, ba ya shiga mutane, sai wata yarinya mai fara'a ta zo garin ta sauya shi. Babu zina, babu ashar, sai dai ana zuwa coci ana addu'a da sunan Yesu. Ya halatta in ci gaba da karantawa? Zan iya tura wa ƙanwata mai shekara 15? Kuma ina sha'awar rubuta irinsa da Hausa.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka miki da alheri, 'yata, a kan barin littattafan batsa, ya kuma tabbatar da ke a kan haka. Kafin a yanke hukunci sai a san abin da ake yanke wa, don haka bari mu fara da su waɗannan littattafai.

Kaboyi makiyayin shanu ne a kan doki, kuma galibin labaran ana kafa su ne a gonakin kiwo na jihohi irin su Texas da Montana da Wyoming. Wannan ɓangare babu komai a cikinsa. Kiwo sana'ar annabawa ce, ya zo a Bukhari cewa Allah bai aiko wani annabi ba face ya yi kiwon tumaki. Su kuma littattafan, kasuwa ce guda mai zaman kanta a Amurka. Kamfanin buga littattafai na Harlequin kaɗai yana da reshe mai suna Love Inspired tun 1997, wanda ke fitar da sababbi kowane wata, kowanne kalmomi wajen 55,000, ga kuma ɗimbin marubuta masu sa nasu a Kindle, manhajar saye da karanta littattafai ta kamfanin Amazon. Mafi yawan marubutan Kiristoci ne 'yan bishara, kuma don 'yan'uwansu suke rubutawa: suna so su ba matansu da 'ya'yansu abin karantawa marar alfasha wanda zai ƙarfafa musu addininsu. Ba su ɓoye wannan niyya ba, mu ma ba mu zarge su da yaudara ba. Abin tambaya shi ne ke Musulma, me ya dace da ke.

Ƙagaggen labari a kan kansa ba haramun ba ne a ra'ayi mafi ƙarfi. Hadisin Abu Dawud da Tirmizi mai cewa bone ya tabbata ga wanda ke ba da labari yana ƙarya don mutane su yi dariya, yana magana ne a kan wanda ya gabatar da ƙarya a matsayin gaskiya. Mai ƙagaggen labari kuwa shi da mai karatu duk sun san ba a yi ba. Ibn Hajar Alhaitami ya faɗa a Tuhfatul Muhtaj cewa ya halatta a saurari labarin da aka tabbata ƙagagge ne in an nufi buga misali da wa'azi da koyar da hali kamar jarumta, ko a bakin mutane aka sa shi ko a bakin dabbobi. Makamatul Hariri ma da ake karantawa a zaurukan malamanmu, ƙagaggun labarai ne daga farko har ƙarshe. Ita ma soyayya ambatonta ba laifi ba ne. Nana A'isha ta ba Manzon Allah (SAW) labarin mata goma sha ɗaya da suka zauna kowace tana siffanta mijinta, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mata shi a wurinta kamar Abu Zar'in ne a wurin Ummu Zar'in. Bukhari da Muslim suka ruwaito.

To, ina matsalar take? Tana cikin yadda ake gina labarin. Ki tuna littattafan da kika karanta. Me ya mai da jarumin miskili? Kusan kullum wani rauni ne: matarsa ta rasu, ko ya dawo daga yaƙi da tabo a zuciya, ko doki ko sa ya karya shi a wasan sukuwa, sai ya yi fushi da Ubangiji ya daina zuwa coci. Ita kuma fara'ar yarinyar daga ina take? Marubuciya za ta nuna miki daga imaninta ne. Saboda haka ana saƙa zare biyu tare, na soyayya da na addini, kuma a wuri guda suke haɗuwa. Babin da mai karatu ta fi ɗoki, wanda miskilin ke zubar da hawaye ya furta yana son ta, sau da yawa shi ne babin da yake durƙusawa ya ce ya miƙa rayuwarsa ga Yesu, wanda a aƙidarsu ya mutu a kan gicciye don ɗauke masa zunubi. Kin yi shafi ɗari biyu kina fatan wannan mutum ya sami sauƙi, sai ga sauƙin ya zo masa ta wannan ƙofa, ke kuma zuciyarki na murna.

Abin da ake sa ki yi wa murna a nan shi ne abin da Alƙur'ani ya kore a fili. A Suratul Ma'ida, aya ta 72 da 73, Allah ya kafirta masu cewa Allah shi ne Almasihu ɗan Maryam da masu cewa Allah na ukun uku ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 157, ya ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Littafin muhawara yana zuwa miki da hujja, kina ganin ta kina auna ta, kina iya mai da martani. Labari ba ya kawo hujja. Yana sa ki so mutanen da ke ciki ne, sai maganarsu ta shige ba tare da an tsaya an tantance ta ba. Shi ya sa a wannan fuska na fi jin tsoron labarin a kan littafin wa'azinsu.

Imam Ahmad ya ruwaito daga Jabir cewa Sayyidina Umar ya zo da wani rubutu da ya samo daga ma'abota littafi, Manzon Allah (SAW) ya yi fushi, ya ce da Musa na raye babu abin da zai yi sai bin sa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wasu kuma sun kyautata shi saboda yawan hanyoyinsa. A gefe guda akwai hadisin Bukhari mai ba da izinin ɗauko labari daga Bani Isra'ila. Hafiz Ibn Hajar Al'asƙalani a Fathul Bari ya daidaita su da cewa abin da ya fi shi ne a bambanta: wanda ƙafarsa ba ta kafu a ilimi da imani ba, bai halatta ya duba irin waɗannan rubuce-rubuce ba, wanda ya kafu kuwa ya halatta gare shi, musamman in yana buƙatar mai da martani. A kan wannan bambancewa na gina amsarki.

Littafin da ƙarshensa shiga Kiristanci ne ko komawa gare shi, wanda ake bayanin gicciye da ceto da allantakar Annabi Isa (AS) a cikinsa ana ƙawata su, bai halatta ki karanta shi don nishaɗi ko koyon Turanci ba. Buƙatar Turanci ba lalura ba ce a nan, tun da akwai dubban littattafai da za su biya miki ita. Wanda aka yi wa rangwame shi ne mai bincike ko malamin adabi ko mai da'awa da ya san aƙidarsa da dalilanta, yana karantawa don aikinsa.

Akwai kuma waɗanda addini a cikinsu bai wuce shimfiɗa ba: an je coci ranar Lahadi, an yi godiya ga Allah kafin cin abinci, wata tsohuwa ta ce a dogara ga Allah. Irin wannan ba zan ce haramun ne ga baliga mai sanin tauhidinta ba, domin sanin yadda wasu mutane ke rayuwa ba laifi ba ne, kuma karanta maganar kafirci ba tare da yarda da ita ba ba kafirci ba ne. Sai dai barinsa ya fi, saboda dalilin da zan ambata a ƙasa.

Ga yadda za ki gane wanne ne a hannunki cikin minti goma, tun kafin labarin ya kama ki. Duba shafin farko: da yawansu suna buɗewa da aya daga Baibul, wannan alama ce ta cewa an gina labarin a kan saƙon ayar. Sai ki shiga wurin bincike na manhajar da kike karatu da ita, ki rubuta sunan Yesu da Turanci, sannan kalmar gicciye, sannan kalmar ceto, ki ga sau nawa suka fito da kuma a ina. In sun taru a babi uku na ƙarshe, nau'in farko ne. Ki karanta wasiƙar da marubuciya kan rubuta wa masu karatu a ƙarshen littafi, nan take faɗin abin da take so ya zauna a zuciyarki. Kada ki ce bari in fara in ga yadda yake, domin wadda ta kai babi na goma ba ta iya ajiyewa. Ki sani kuma rashin batsa daban, Kiristanci daban a wannan kasuwa: shi kansa Harlequin yana da wani reshe, Heartwarming, na labarai marasa batsa waɗanda ba a gina su a kan wa'azin addini ba.

Dalilin da na ce bari ya fi: abin da suke kira tsafta bai kai tsaftar shari'a ba. Ana kaɗaita namiji da mace a gida ɗaya da sunan ta zo renon ɗansa ko dusar ƙanƙara ta tare hanya, ana runguma, ana sumba kafin aure, kuma duk ana nuna su a matsayin halin mutanen kirki. Annabi (SAW) ya hana namiji ya kaɗaita da mace sai da muharrami. Ya kuma hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallon ta, wanda ke nuna siffantawa da kalmomi na iya yin aikin ido. Malaman Malikiyya sun ɗauki wannan hadisi asali a babin toshe ƙofar ɓarna. Don haka ma'auninki jikinki ne da zuciyarki. Duk shafin da ya motsa miki sha'awa, wannan littafi ya haramta gare ki ko da wata ta karanta ba ta ji komai ba. Haka in ya kai ga kina makara sallar asuba.

Sai batun miskilin, wanda nake so ki tsaya a kansa sosai tun da aure na gabanki. A littafi ana ba ki babi ɗaya daga tunanin yarinyar, babi ɗaya daga tunanin jarumin. Yana ɗaure mata fuska, ke kuwa kina cikin zuciyarsa kina ganin yadda yake mutuwar son ta, saboda haka kina da tabbacin zai sauya. A rayuwa babu mai buɗe miki wannan babi. Abin da kike da shi kawai shi ne halin da ya bayyana da shaidar waɗanda suka zauna da shi. Lokacin da Faɗima bint Ƙais ta nemi shawarar Manzon Allah (SAW) a kan masu neman ta, ya ce mata Abu Jahm ba ya sauke sandarsa daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usama bin Zaid. Muslim ya ruwaito. Bai ce ta aure shi ta gyara shi da fara'arta ba. Akwai namiji mai ƙarancin magana mai kunya, wannan ba aibi ba ne. Akwai kuma mai wulaƙanci da ɗaure fuska da gatsali, shi ne wanda Hausawa suka ce ya fi mahaukaci ban haushi. Ki tambayi yadda yake da mahaifiyarsa da ƙannensa mata da yaran shagonsa, abin da suka gani shi za ki gani.

Ƙanwarki kuwa kada ki tura mata ko ɗaya daga nau'ukan biyu. Mai shekara 15 ba ta gama sanin dalilan aƙidarta ba, kuma a shekarun ne irin wannan labari ya fi kama zuciya. In kin tura, kina da kaso a abin da ya biyo baya.

Abin da kika riga kika karanta babu kaffara a kansa, imaninki ma bai taɓu ba tun da ba ki gaskata ba. Ki yi istigfari, ki goge nau'in farko daga wayarki. In wani tunani ya riƙa gilma miki kina ƙin sa, Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata suka raya matuƙar ba a furta ba, ba a aikata ba. In kuwa wata shubuha ce ta zauna, misali a kan gafarar zunubi ko matsayin Annabi Isa (AS), ki kai ta gaban malami ya warware miki, kada ki binne ta don kunya.

Rubuta naki da Hausa ya halatta, ina ma ƙarfafa miki gwiwa. Miskili da mai fara'a ba mallakin kowa ba ne, littattafan soyayya na Hausa cike suke da su. Abin da bai halatta ba shi ne ki ɗauko littafin wata ki fassara, ki sauya sunaye, ki mai da coci masallaci, ki ce naki ne; wannan cin haƙƙi ne ko da mai littafin ba Musulma ba ce. Ki bar haɗuwarsu ta kasance a gaban mutane da sanin iyaye, ki bar siffanta jiki, kada ki jingina wa Annabi (SAW) hadisin da ba ki tabbatar ba don ƙawata zance. In jaruminki zai sauya, ki nuna shi da kansa ya gane laifinsa, ya nemi afuwar waɗanda ya ɓata wa, kuma a ga sauyin a aikace na tsawon lokaci kafin a ɗaura aure.

Wallahu a'alam.