Amsa: servo na makyarkyata da pwm-gpio

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa servo ɗinka, wato ƙaramar motar lantarki da ke juya maka faifan sola a Tawa, yake makyarkyata. Lafiyarsa ƙalau, makyarkyatar daga direba take, wato manhajar pwm-gpio da ke aika masa bugun lantarki. Shi pwm-gpio, da ya shigo Linux 6.11 a 2024, da hrtimer, agogon manhaja na cikin Linux, yake kunna fil ɗin da aka jona wayar servo yana kashewa. Servo kuwa bugun milisakan 1 zuwa 2 yake jira cikin kowane 20. In Wi-Fi ko katin SD ya jinkirta agogon da mikrosakan 50 kacal, hannun ya goce da kashi 5 cikin 100 na zangonsa.

Fara duba ko an kunna CONFIG_HIGH_RES_TIMERS, saitin Linux da ke ba agogon daidaito. PREEMPT_RT, saitin Linux na rage jinkiri, na rage rawar, amma ba ya kashe ta.

Wannan direban na dushe fitilar LED ne. Tunda ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi gare ka, mai da wayar kan fil na GPIO18, can na'urar da kanta ke ƙirga bugun, ba manhaja ba, ko ka sa PCA9685, na'urar samar da bugu mai tashoshi 16 da ake jonawa ta wayoyin I2C.