KU TAMBAYI ANTI: Wai me ake yi a laburaren ƙaramin gari banda karatu?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan makon saƙonni uku na ware kuma duk kan laburare suka faɗo. Masu tambayar kishiya da dangin miji ku min haƙuri sai wani makon, ban manta da ku ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni wata huɗu kenan da zuwana Amurka, maigidana yana karatu a wani ɗan ƙaramin gari a jihar Ohayo, garin shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, ba dangin iya ba na baba, yarana biyu ɗaya shekara huɗu ɗaya biyu, kullum muna ɗaki daga kallon katun sai dambe, ni kuma ban iya mota ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce in dinga kai su laburare wai tafiyar minti goma ce a ƙafa. Toh ni Turancina sai a hankali, ina tsoron a ce in biya kuɗi ko a tambaye ni takardu, ga yaran nan ba sa jin magana kar su je su cika wa mutane kunne a kore mu. Don Allah ki ban shawara. Daga ƙanwarki a Ohayo.

AMSA: Ƙanwata Allah ya saka wa tsohuwar nan, wallahi ta yi miki gata. Nima na yi zaman irin wannan garin lokacin da maigida ke karatu, har yanzu ina jin haushin wata shidan da na ɓata ina leƙen dusar ƙanƙara ta taga kafin in tako ƙofar laburaren garinmu, duk don irin tsoron da kika faɗa.

Maganar kuɗi ki cire ta a ranki. Katin laburare kyauta ne ga duk mazaunin gari, abin da za su nema kawai shaidar cewa ke ce, fasfo ɗinki ma ya isa a mafi yawan wurare, sai wata takarda mai adireshin gidanku kamar ta haya ko bil ɗin wuta. Ba ruwansu da irin bizarki, ba aikinsu bane. Kuma shiga ki zauna ma ko katin ba a tambaya. Kinsan me ya sa? Da harajin jama'a ake tafiyar da wurin, a wurare da yawa har da harajin gidaje, kinga kuɗin hayar da kuke biya duk wata akwai kason da ke zagayawa ya faɗa can, don haka ba alfarma ake miki ba. Wannan tsarin tsoho ne a wurinsu, tun 1833 wani ƙaramin gari mai suna Peterborough a jihar New Hampshire ya yanke shawarar buɗe laburare da kuɗin jama'a kowa ya shiga kyauta, daga baya attajirin nan na ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina laburare 1,689 a faɗin Amurka, da sharaɗin garin ya ba da fili kuma ya ɗau nauyin kula da shi duk shekara. Shi ya sa za ki ga ƙauyen da bai kai ya kawo ba amma ga laburarensa na jan bulo tsaf.

Batun ihun yara kuwa dariya kika ba ni. Akwai ɓangarensu daban, da kafet da kayan wasa da kujeru 'yan ƙanana, kuma kusan kowane laburare yana da lokacin ba yara labari sau ɗaya ko biyu a sati, yawanci da hantsi. Ranar da na fara zuwa na sa wa ɗana ido kamar zan cinye shi, ashe banza nake, ma'aikaciyar ta zauna dirshan a ƙasa da littafi mai manyan hotuna tana kukan saniya tana kukan agwagwa, yara wajen goma sha biyu suna tayawa, wani yana birgima wani ya cire takalmi yana taunawa, uwarsa ko a jikinta. Da aka gama aka raba takarda da gam da kala, nawa ya manna wa kansa a goshi. A wurin na haɗu da wata 'yar Sudan da wata 'yar Meziko, 'yar Sudan ɗin nan ita ta nuna min inda ake samun naman halal, tafiyar minti arba'in a mota, muka dinga haɗa kuɗin mai. Kinga abin da ban samu a ɗaki cikin wata shida ba na same shi a minti talatin.

Ki je teburin gaba ki ce su ba ki kalandar wata, takarda ce guda ɗaya da ke nuna duk abin da za a yi. Ki tambayi ajin koyon Turanci na manya, in ba su da shi za su faɗa miki inda ake yi a kusa, wasu kuma suna da zaman hira kawai inda baƙi ke taruwa su yi ta kwaɓa Turanci ba mai yi wa wani dariya. Akwai kwamfuta da intanet kyauta, firinta ce kawai ake biyan 'yan sulalla kan kowane shafi, wasu ma suna ba da aron ɗan akwatin intanet ki tafi da shi gida. Littafin gwajin lasin tuƙi ma ki tambaya, tunda motar nan dole ki koya, ba fashi. In hutun bazara ya zo, daga Yuni zuwa Agusta, ana gasar karatu ta yara da 'yan kyaututtuka, wasu wuraren har abincin rana ake ba yara kyauta. Daga Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu kuma lokacin cike fom ɗin haraji ne, laburare da yawa suna kawo 'yan sa kai su taya mutane cikewa ba ko sisi, amma ki gaya wa maigida ya tambaya tukuna ko suna yin na ɗaliban waje don fom ɗinsu daban ne, ba kowa ya iya ba.

Littattafan kuma kar ƙanƙantar wurin ta ruɗe ki. Abin da babu a kan kanta suna iya aro miki daga wani laburaren, har daga jami'a, ki jira sati ɗaya ko biyu ya iso. Ni da wannan hanyar na samu littafin Hausa a garin da ko mutum ɗaya bai san akwai yare mai suna Hausa ba, jami'o'i irin su Wisconsin da Indiana sun daɗe suna tara littattafanmu. Da lambar katin kuma za ki iya sauke manhajar Libby a waya ki dinga aron littafin saurare kina wanke-wanke. Wasu har irin shuka suke bayarwa da tikitin shiga gidan tarihi.

Abu biyu zan ja miki kunne a kai. Littafin da yaro ya ɗauko ki buɗe ki duba da kanki kafin ku fito, su ba sa tace wa kowa, a wurinsu wannan aikin iyaye ne, kuma ba duk abin da ke kan kanta ya dace da tarbiyyarmu ba. Na biyu in an raba alewa ko cincin a taro ki duba abin da aka haɗa da shi. Bikin da bai kwanta miki ba kamar na Halowin sai ki ƙi zuwa, ba mai tambayarki dalili. Sallah ma in ta riske ki a can ki nemi ɗan ɗakin nazari in ba kowa, ni ban taɓa jin an hana ni ba.

TAMBAYA: Anti ni sakataren ƙungiyar matasan garinmu ne a nan Arewa, hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Muna da ginin laburare tun na da amma ya fi shekara biyar a kulle, rufin ya fara yoyo awaki ke kwana a barandar. Na kawo maganar gyara a mitin wasu suka ce ɓata lokaci ne tunda yanzu komai yana cikin waya. Gaskiya sun kashe min jiki. Ya kike gani?

AMSA: Ɗana ka tambaye su wayar wa? Da datar wa, da cajin wa? Yarinyar da ke aji shida a gidan da mutum tara ke kwana a ɗaki biyu, ga ƙanne ga talla ga aike, ba littafi kaɗai ta rasa ba, wurin da za ta zauna awa biyu ba wanda ya ƙwala mata kira ta rasa. Kuma tun 2015 jarabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, yara nawa ne a garinku ranar jarabawar ce ranar farko da suka taɓa linzamin kwamfuta? Kai ka fi ni sani.

Abin ma ba baƙo bane a wurinmu. Zamanin En'e garuruwa da yawa suna da ɗakin karatu, a ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, wanda ya iya ya karanta da ƙarfi sauran su saurara, ga ajin Yaƙi da Jahilci na manya. A Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980. Su kuma masu cewa mutanenmu ba sa karatu su tuna da shagunan hayar littattafan Hausa, mata na cikin gida suna aiken yara da kuɗinsu a karɓo na ɗaya a mayar a karɓo na biyu, wani littafin har bangonsa ya mutu an ɗinke da zare. Mutumin da ya biya kuɗi don ya yi aro ai ba za ka ce ba ya son karatu ba. Maƙwabtanmu na Nijar suna da wani tsari da ake kira CLAC, na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, an faro shi a 1986 don ƙananan garuruwa musamman, ɗaki ne na littattafai amma har da wasanni da nuna fim da taron matasa, shi ya sa yara ke zuwa da ƙafarsu.

Shawarata kar ku fara da neman miliyoyi. Ku fara gano waye mai ginin, hukumar laburare ta jiha ce ko ƙaramar hukuma, ku rubuta takarda da sa hannun hakimi ku nemi izinin buɗewa, kar ku fasa kwaɗo da kanku don gobe wani zai ce kun sace kujeru. Ɗaki ɗaya ya isa, a toshe yoyo a share a sa tabarmi in benci ya gagara. Sola ƙarama da ƙwai huɗu da fanka, wannan kaɗai zai cika muku wurin bayan Isha'i lokacin jarabawa. Sai ku tsara sati, Asabar da safe tatsuniya da karatun yara, ku ɗauko wata gwaggo da ta iya gatanan gatananku, rana ɗaya ta mata zalla da mace mai kula da ƙofa don mazaje su yarda, masu bautar ƙasa da aka turo garinku su yi lesin ɗin lissafi da Turanci tunda dama suna da ranar hidimar al'umma, kafin damina ku gayyato malamin gona. Littattafai kuwa ku bi gidajen tsofaffin malaman makaranta da 'yan garin da ke birni, amma ku zaɓa, kar ku bari a mayar da ku bola, wani zai kwaso muku littafin koyon kwamfuta na shekara talatin da suka wuce ya ce sadaka ya yi. Ku nemi na manhajar sakandare ta yanzu da na Hausa da na addini.

Inda irin wannan aikin ke mutuwa shi ne wajen mai riƙe makulli. Gyaran kwana uku ne, a ɗau hoto a sa a Facebook kowa ya yi Allah san barka, bayan wata biyu mai makulli ya tafi Abuja neman aiki. Tun yanzu ku yanke ɗan alawus na wata daga kuɗin ƙungiya ku ba mutum ɗaya tsayayye, ya fi kyau mai iyali a garin, da rajista ta rubuta wanda ya ɗauka da ranar dawowa.

TAMBAYA: Anti kunya ce ta ishe ni. Na ari littattafan yara uku a laburaren garinmu nan Amurka, muka tashi daga gidan suka shige cikin kwali, sai bana na gan su bayan shekara biyu, ɗaya ma yarinya ta yi masa zane da biro. Ko hanyar wurin na daina bi. Za su kai ni kotu?

AMSA: Haba baiwar Allah, kan littafin agwagwa? Wurare da yawa sun ma soke tarar latti, Chicago ta soke a 2019, New York a 2021, ƙananan garuruwa da dama sun bi sahu, inda ba a soke ba kuma yawanci tarar tana da iyakar da ba ta wucewa. Mai yiwuwa sun rubuta littattafan a matsayin ɓatattu sun ɗora miki kuɗinsu a kati, in kika mayar galibi sai a goge. Mai zanen biron ne kawai ƙila ki biya, shi ma ki nuna musu tukuna. In kunyar ta yi yawa akwai akwatin mayar da littafi a waje, ki jefa biyun da daddare, bayan kwana biyu ki shiga da na ukun a hannu kamar ba ke ba.