Wilin da ke tsakiyar tutar Indiya, da sarkin da ya sassaƙa nadamarsa a dutse

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko shuɗin wilin nan da ke tsakiyar tutar Indiya gunkin 'yan Hindu ne. A'a, ba shi ba ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da na yi zaman karatu a birnin Baranasi na Indiya na gano bakin zaren.

Wata Asabar wani abokin karatuna ya ja ni Sarnath, tafiyar kilomita goma a adaidaita sahu. Nan ne Buddha, wanda ya kafa addinin da ake kira da sunansa, ya yi wa'azinsa na farko ga mutum biyar. Kana shiga gidan tarihin garin za ka yi kiciɓis da zakoki huɗu na dutse sun juya wa juna baya, an goge dutsen yana sheƙi kamar an shafa masa mai. A ƙarƙashinsu ga giwa, ga doki, ga bijimi, ga zaki, tsakaninsu wili mai tsinke 24. Abokina ya zaro takardar rufi, kuɗin Indiya, daga aljihu ya nuna min zakokin nan a jikinta. Tun 1950 su ne tambarin ƙasar, wilin kuma shi ne na tuta. Alama ce ta koyarwar Buddha da aka ce ta fara juyawa daga wurin.

Wanda ya kafa ginshiƙin da zakokin suka kasance a kansa shi ne Sarki Ashoka na daular Maurya, jikan Chandragupta, wanda ya yi mulki daga Pataliputra, Patna ta yanzu, wajen 268 zuwa 232 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yana shekara takwas kan gado ya afka wa ƙasar Kalinga, yankin Odisha a yau. Ya ci yaƙin. Sannan ya sa aka rubuta a jikin duwatsu cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, waɗanda suka mutu bayan haka sun ninka hakan, kuma abin yana ci masa rai. Na daɗe tsaye ina juya wannan magana. Mun saba jin kirarin sarakuna bayan nasara, amma sarki ya ƙirga gawawwakin da ya jawo da bakinsa, ya bar wa na baya su karanta, wannan ya girgiza ni ƙwarai.

Daga nan ya rungumi tafarkin Buddha sosai. Rubuce-rubucensa sun ambaci haƙa rijiyoyi da shuka itatuwa a bakin hanya, da tanadin magani ga mutane da dabbobi. Ya kuma ce duk mai kushe addinin wani don ɗaukaka nasa, nasa yake cutarwa. Mutanen Siri Lanka kuwa sun riƙe cewa ɗansa Mahinda ne ya kai musu addinin.

Sai dai kada a mayar da shi waliyyi. Bai mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba, kuma a rubutun nadamar ya gargaɗi mazauna daji cewa har yanzu yana da ƙarfin hukunta su. Abin da ya fi tsaya min a rai, a duwatsun da ke cikin Kalinga kanta, Dhauli da Jaugada, babu wannan rubutun. Waɗanda aka yi wa ɓarnar ba su samu karanta nadamar a ƙasarsu ba.

Daga baya har haruffan Brahmi da aka yi rubutun da su aka manta, sai a 1837 wani Bature, James Prinsep, ya warware su. Addinin Buddha ma ya ja baya a Indiya. A ƙidayar 2011 mabiyansa ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Galibin masu ibada sanye da jan mayafi da na gani suna zagaya hasumiyar Dhamek ta Sarnath baƙi ne daga Tailan, Siri Lanka da Tibet.

Idan Allah ya kai ka, kada ka je ranar Juma'a, gidan tarihin a rufe yake.