Sati uku da rataya gorar hamingbad, ko ɗaya bai zo ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina zaune ne a Maryland ta Amurka ni da maigida da yara. Maƙwabciyata tana da wata gora da ta rataya a barandarta, ƙananan tsuntsayen nan hamingbad suna zuwa shan ruwa, yarana kullum suna leƙe, shi ne nima na sayo tawa farkon watan Yuni na rataya a bayan gida. Na haɗa musu da zuma mai kyau don a ganina ta fi siga lafiya, kuma da na ji an ce ja suke so sai na ɗan ɗiga ruwan zoɓo. Yau sati uku ko ɗaya ban gani ba, sai kiyashi da rina, ruwan ma ya yi duhu-duhu. Mene ne ban yi daidai ba? Kuma in Allah ya sa sun saba zan iya kama ɗaya in sa wa yara a keji?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya yara. Kafin komai dan Allah yau ɗin nan ki sauke gorar nan ki zubar da abin da ke ciki, don ruwan da ya yi sati uku a zafin Yuni ya riga ya lalace, kuma gara ma da ba su sha ba.

Zuma a wurinmu magani ce, na san da kyakkyawar niyya kika sa, amma in aka sirka ta da ruwa aka bar ta a waje nan da nan take tsami ta yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana iya kama harshen tsuntsun ya kumbura ya kasa shan komai, tsuntsun da kusan duk minti 10 zuwa 15 sai ya nemi abin sha kin ga in harshe ya samu matsala ai shikenan. Zoɓon ma a bar shi, haka jar kalar da ake sayarwa a kanti, ba abin da suke ƙara masa. Ruwan zaƙin da ke cikin fure ai fari ne tas, furen ne ja, to jar robar da ke gindin gorarki ta isa ta ja hankalinsa. Wani amfanin farin ruwa kuma shi ne da ya fara gurɓata za ki gani da ido, mai kala kuwa ɓoye miki zai yi.

Abin da za ki haɗa bai da wahala, farin siga na shayi kofi 1, ruwa kofi 4, ki ɗan ɗumama ruwan ki juya har ya narke, ki bari ya huce sannan ki zuba. Kar ki sa jan siga don yana da sinadarin ƙarfe wanda jikinsu bai iya ɗauka da yawa, kar kuma ki sa sigan masu ciwon siga, wannan zaƙi ne kawai ba ƙarfi a ciki, tsuntsu zai cika ciki ya zauna da yunwa. Ragowar ki sa a firij, yana kai sati. Kuma tunda ba su fara zuwa ba tukuna kar ki cika gorar, kwata ko rabi ya isa, tunda zubarwa za ki riƙa yi.

Nan ne fa aikin yake, kuma nan yawancin mutane ke gajiya. Ruwan siga a waje kamar kunun zaƙi ne da aka bari ba firij, zafi na bugunsa ya juya. In gari da sanyi-sanyi kwana 3 zuwa 4 ki canza, in an shiga zafin Yuli da Agusta irin na wajenku da ke haura digiri 32 a ma'aunin Celsius to kullum ko bayan kwana biyu, ko an sha ko ba a sha ba. Duk canji ki kwance gorar gaba ɗaya ki wanke da ruwan zafi, ki sa ƙaramin buroshi ki shiga ramukan da suke zura baki, don baƙin ɗigo-ɗigon fumfuna a nan yake fara ɓuya, in kin gan shi ki jiƙa a ruwan khal ki ɗauraye sosai. Ni a wurina wanda ya san ba zai iya wannan wankin ba gara ya shuka fure ya haƙura da gora, wallahi ya fi alheri, don gora mai datti cutarwa take yi, kuma tsuntsun in ya ɗanɗana ya ji tsami zai iya ɗauke ƙafa daga gidan na wani lokaci.

To sai maganar rashin zuwansu, ko da kin haɗa komai daidai, lokacin da kika rataya shi kansa lokacin shiru ne. A gabashin Amurka kala ɗaya ce ke yin sheƙa, mai jan maƙogwaro, duk da cewa duniya akwai kala sama da 300 kuma dukkansu a nahiyar Amurka suke, daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina. Wannan naku lokacin sanyi yana Meziko da Amurka ta Tsakiya, cikin Maris yake fara bayyana a jihohin bakin teku irin su Tekzas da Luwiziyana, ya riƙa haurowa arewa, wajen tsakiya zuwa ƙarshen Afrilu ya iso Maryland, mazan ke riga matan isowa. Wanda ya rataya gora a Afrilu shi suke fara gani su sa gidansa a hanyarsu, ina kyautata zaton maƙwabciyarki ta daɗe tana yi, kuma tsuntsayen nan suna da riƙe wuri a ka, inda suka sha bara suna komawa bana. A Yuni kuwa matan suna kan ƙwai ko suna ciyar da 'ya'ya, ƙwai biyu take yi a 'yar sheƙar da take ɗaurewa da yanar gizo-gizo, ita kaɗai ke duk wahalar namijin ba ruwansa, kuma 'ya'yan ƙananan ƙwari suka fi buƙata, ga furanni ko'ina a lokacin, shi ya sa ko masu tsohuwar gora sai su ga an rage zuwa. Ki yi haƙuri zuwa ƙarshen Yuli. Daga nan har farkon Satumba 'ya'ya sun tashi, na arewa sun fara gangarowa, kowa na neman tara kitse, lokacin ne sabuwar gora ta fi samun baƙi.

Kitsen nan kuwa akwai dalilinsa. Tsuntsu ne da nauyinsa bai wuce giram 3 da 'yan kai ba, kafin tafiya sai ya kusa ninka nauyin, da yawansu su tsallake Tekun Meziko kai tsaye, kusan kilomita 800 ba inda za su sauka. Ikon Allah kenan.

Wurin ratayewa ma ki duba. Ki nemi inda tsuntsu mai wucewa zai hango ta amma rana ba ta dukanta yini guda, ƙarƙashin rufin baranda ko gefen inuwar bishiya, da reshe kusa da zai sauka ya huta, tsayi kamar mita ɗaya da rabi ko fi saboda kyanwa. In kusa da taga kike so don yara su gani to ki matso da ita dab da gilashin, ƙasa da mita ɗaya, ko kuma ki nisanta ta sosai, tsaka-tsakin nan ne ke sa su taso a guje su daki gilashi. Ki ɗaura jan ƙyalle kusa da ita na 'yan kwanaki ba laifi. In da hali ki sayo tukwanen fure biyu uku ki jera a ƙasa, a wurin masu sayar da shuke-shuke ki tambayi bee balm, cardinal flower, salvia ja ko trumpet honeysuckle, duk furanni ne masu dogon wuya da bakinsa ke shiga. Sannan a rage feshin maganin ƙwari a bayan gidan, ruwan siga ƙarfin tashi kawai yake ba shi, abincin gina jiki daga ƙwari da ƙananan gizo-gizo yake samu.

Kiyashi maganinsu mai sauƙi ne, akwai ɗan kofi da ake sayarwa mai ƙugiya sama da ƙasa, a rataya shi tsakanin ƙusa da gorar a cika shi da ruwa zalla, kiyashi ya biyo igiya ya zo ya tarar da ruwa ya tsaya, ke dai ki riƙa ƙara ruwan don yana ƙafewa. Kar ki shafa mai ko basilin a igiyar, yana ɓata musu gashi. Rina da ƙudan zuma kuwa yawanci yoyo ne ke kiransu, ki duba ko gorar na ɗiga, ki goge jikinta bayan kin zuba, in tana da 'yan furannin roba ruwan ɗorawa ki cire don kalar na jan su. Irin gorar nan mai kama da faranti wadda ruwan ke can ƙasa ta fi, harshen tsuntsun na kaiwa, na rina ba ya kaiwa. In kin ga ƙoƙi-ƙoƙi babba ya lafe a jikin gorar ki ɗauke shi ki kai nesa, yana iya cafke hamingbad.

Ki ce wa yara su zauna shiru da sassafe ko dab da magariba, kuma su kasa kunne, sau da yawa ƙugin fukafukin za su fara ji kafin su gan shi, yana kaɗa su kusan sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Zai zo ya tsaya cak a iska gaban gorar, ya zura baki, ya ja da baya ba tare da ya juya ba, ya dubi hagu da dama ya sake komawa. Namijin in yana inuwa maƙogwaronsa baƙi za ki gani, yana ɗan karkata kai rana ta same shi sai ja ya haska kamar an kunna, macen kuma maƙogwaronta fari ne da fari-fari a bakin jela. In kin tuna sha-kauci na gida mai lanƙwasasshen baki da ke bin furanni za ki ga suna ɗibar kama, amma ba dangi ba ne, sha-kauci ya fi sauka a reshe ya sha, hamingbad kuwa danginsa na kusa tsattsewa ce. Kar ki yi mamaki in namiji ɗaya ya mallake gorar ya hau reshe yana korar duk wanda ya matso, halinsu ne, sai ki ƙara gora ta biyu a ɗaya gefen gidan inda ba zai iya hango duka biyun lokaci ɗaya ba.

Maganar keji kuma Hajiya a'a, ki cire ta a rai. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta Amurka ta 1918 ta hana kama shi ko ajiye shi, har sheƙarsa da ƙwansa, kuma akwai tara. Ko ba doka ma ba zai rayu ba, abin da zuciyarsa ke iya buga sama da 1,000 a minti ɗaya in yana tashi, 'yan awanni ba abinci sun isa su kashe shi, kuma ba ki da hanyar ba shi ƙwarin da yake kamawa a iska. In wata rana kun tsinci wanda ya daki gilashi, ki sa shi a ɗan kwali mai huji a wuri mai duhu da shiru ki kira masu lasisin jinyar namun daji na jiharku. In kuma da sanyin safiya kuka ga wani ya sandare a reshe ko a jikin gorar kamar ya mutu ku ƙyale shi, wani irin barci ne da suke yi su sauke zafin jikinsu don tattalin ƙarfi, gari na ɗumi zai farfaɗo.

In kaka ta shigo za ki ji wasu na cewa a sauke gora kar ta hana su tafiya, ba haka ba ne, raguwar tsawon yini ce ke tashinsu, gorarki na ƙarshe-ƙarshen da suka makara take taimaka wa. Ki bar ta har sati biyu bayan ganin na ƙarshe, a wajenku zai kai ki cikin Oktoba, sannan ki wanke ki shanya ki adana. Baɗi in Allah ya kai mu ki rataya tun tsakiyar Afrilu, kuma akwai manhajar eBird ta Jami'ar Cornell kyauta, ki duba taswirarta za ki ga inda masu kallon tsuntsaye suka ba da rahoton isowarsu kusa da garinku.