Ta yaya ferobiskayit mai falle-falle ke bambance hasken dama da na hagu?

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen fiziks. Na karanta cewa akwai ferobiskayit mai falle-falle da ke shan haske mai murɗawa dama fiye da mai murɗawa hagu. Wai nauyin dalmar da ke cikinsa ne ya jawo haka?

Amsa: Ɗalibata, ferobiskayit ɗin da kike nufi wani sinadari ne da atam ɗinsa na dalma da aidin suka jeru cikin tsari, falle bisa falle. Dalma na da hannu a ciki, amma ita kaɗai ba ta isa ba.

Fara da hasken. Akwai wanda ƙarfin lantarkinsa ke tafiya yana murɗawa kamar tufkar igiya, wani dama, wani hagu. Yawancin tabarau na kallon fim ɗin 3D a silima da wannan bambancin suke aiki. Matsalar ita ce haske ba ya kama juyin da ilektiron ke yi a kansa kai tsaye. Abin da yake kamawa shi ne kewayen da ilektiron ke yi wa cibiyar atam. Sai an ɗaure juyin da kewayen kafin haske ya iya zaɓar juyi, kuma wannan ɗaurin yana ƙaruwa sosai da nauyin atam. A jerin sinadarai dalma lamba 82 ce, aidin 53, wato duka biyun masu nauyi ne. Ɗaurin ya yi ƙarfin da idan mai lissafi a kwamfuta ya manta da shi, tazarar kuzarin da zai samu, wato kuzarin da ilektiron ke buƙata don tsallakawa matakin sama, za ta kauce da kusan ilektiron-bolt 1, ma'aunin kuzari a matakin atam. Wannan ɗaurin ne ya sa hasken dama ke tada ilektiron mai juyi ɗaya, na hagu ya tada kishiyarsa.

To amma har nan kunnen doki ake yi, duka biyun daidai ake shansu. Kafin a samu fifiko sai ginin kansa, wato tsarin jeruwar atam ɗin, ya karkace. Idan ya rasa daidaito ta tsakiya, wato ɓangarorinsa masu fuskantar juna ta tsakiya suka daina zama iri ɗaya, matakan kuzarin juyin biyu sukan rabu, abin da ake kira tasirin Rashba, sunan Emmanuel Rashba da ya bayyana shi a 1960. A nan sauya murɗin haske kan juya alƙiblar lantarkin da ke gudana. Shan ɗaya fiye da ɗaya kuwa yana buƙatar ginin ya zama kamar takalmi, na dama ba ya shiga ƙafar hagu.

Nan ne falle-fallen suka yi rana. Shimfiɗar dalma da aidin ce, sai layin sinadari mai kabon, sai wata shimfiɗar. Idan aka cusa sinadari mai hannu ɗaya a tsakani, wato mai siffar dama zalla ko hagu zalla kamar takalmin, irin su metilbenzil-amoniyam, yakan ja kusurwoyin aidin ya ɗan murɗe shimfiɗar. Masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna irin wannan a 2017. A 2021 wata tawaga a Amurka ta yi amfani da irin wannan ferobiskayit ta haɗa fitila mai fitar da murɗaɗɗen haske a zafin ɗaki, ba tare da maganaɗisu ba. Fifikon kashi 2.6 cikin 100 ne kawai, don haka ni ban ga dalilin buga ganga ba tukuna, balle ga gubar dalma.

Idan kin shiga ɗakin gwaji, ki yi hattara. Siririn fallen da ƙwayoyinsa suka jeru gefe guda yakan ba da alamar bogi mai kama da ta gaske. Ki auna, ki kife gilashin, ki sake aunawa. In alamar ta juye, ba murɗin ginin kika gani ba.